Yadda ake gwajin zaburar gwiwa ga akuya, maraƙi ko karen da ƙafar baya ta gaza

Tun da na yi maganar tunkiyar da ta wayi gari tana jan ƙafafun baya, masu karatu ke ta aiko da tambaya iri ɗaya: wannan ɗan bugun da likitan dabbobi ke yi a gwiwa, yaya ake yin sa, kuma me yake gani a ciki? Wasu ɗalibai ne, wasu kuma masu kiwon gida ne da asibitin dabbobi ya yi musu nisa. To ga shi daki-daki. Sai dai gwajin ba ya faɗin sunan cuta. Wurin da saƙo ya tsinke yake nunawa: a laka ne, wato igiyar saƙon da ke cikin ƙashin baya, a jijiyar ƙafa ne, ko kuwa matsalar ba ta jijiya ba ce sam.

Hausa ta haɗa abubuwa da yawa a kalmar jijiya, don haka mu raba su. In na ce jijiya, mai kai saƙo nake nufi. Farar igiyar nan mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi kuwa agara zan kira ta.

A cikin tsoka akwai wasu 'yan mitsitsin sassa masu kumburin tsakiya da siraran baki biyu, kamar mazarin kaɗi, shi ya sa ake ce musu mazarin tsoka. Da zarar tsoka ta miƙe, mazari ya aika wa laka labari, laka kuma ta mayar da umarni ta wata kakkaurar jijiya da ake kira alfa cewa tsoka ta tsuke. Ba a jiran ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wata siririyar jijiya, gamma, wadda ba ta motsa ƙafa ko kaɗan, aikinta kawai ta ɗame bakin mazarin ko ta sassauta shi. Ka tuna mai kalangu: bugu ɗaya ne, amma in ya matse igiyoyin a hammata amo ya tashi, in ya saki ya sauka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zaren jijiyar da ke fita daga laka zuwa tsoka gamma ne, kuma tsoro da zafin ciwo da hayaniya duk suna sa ta matse. Ke nan rabin aikinka a wannan gwaji shi ne sa dabba ta saki jiki.

1. Yi tambaya kafin ka taɓa

Yaushe abin ya fara, farat ɗaya ko sannu a hankali? An yi mata allura a cinya kwanan nan? Ta haihu, ko tana da tsohon ciki? An dandaƙe shi? Babur ya buge ta, ko ta faɗa rami? Kare ya taɓa cizon ta, ko da wata biyu ko uku da suka wuce? Sannan ka auna zafin jiki ta dubura. Lafiyayyar akuya kan nuna tsakanin 38.5 da 40, kare kuma wajen 38 zuwa 39.

Hattara: ciwon haukan kare ba kullum yake zuwa da hauka ba. Akwai nau'in da ke farawa da mutuwar ƙafafun baya kawai, sai dalalar miyau da sauyin murya. In ka ga haka, ka tsaya a nan. Kada ka zura hannu a baki wai kana neman ƙashin da ya maƙale. Killace dabbar, ka sanar da ofishin dabbobi mafi kusa. Da gwajin ƙwaƙwalwa ake tabbatar da shi, irin wanda ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, ko ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na LABOCEL a Yamai. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

Haka nan in kana zargin karayar ƙashin baya, kada ka yi ta jujjuya dabbar. A ɗora ta kan faffaɗan katako ko tsohuwar ƙofa.

2. Haɗa kayan aiki

'Yar gudumar roba ta gwajin jijiya, wadda shagunan kayan asibiti ke sayarwa. Ta mutane ita ce ta dabba, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma sau ɗaya za ka saya. In babu, ka riƙe babban almakashi ta tsininsa ka yi bugu da mariƙin. Sai safar hannu, tabarma ko buhu biyu, ƙyallen rufe ido, takunkumi in kare ne, takarda da biro, da wayar da za ta ɗauki bidiyo. Abu mafi tsada a cikinsu mataimaki ne mai haƙuri, gara ma wanda dabbar ta saba da shi.

Kada ka yi amfani da gudumar kafinta ko guntun rodi. Nauyinsu zai sa dabba ta fizge ƙafa don zafi, kai kuma ka rubuta cewa zabura ce.

3. Kalli tafiya, ka juya kofato

In tana iya tsayuwa, a ja ta a kan ƙasa mai tauri, ba siminti mai santsi ba. Tsaya ta baya, sannan ta gefe. Mai ɗingishi don ciwo tana sauke ƙafa daidai amma ta ɗauke da sauri. Mai matsalar jijiya kuwa tana jan ƙafar, ko ƙafafu su harɗe, ko ta taka da bayan kofato ba ta ma sani ba. Duba tsakanin kofato tukuna, don ƙaya da ƙusa da ruɓewar kofato ta damina sun sha sa a zargi laka a banza.

Tallafe cikinta da hannu ɗaya, ka lanƙwashe ƙafar ta yadda bayan kofato ko bayan dagin kare zai taɓa ƙasa, ka saki. Lafiyayya za ta gyara nan take. Akuya mai taurin kai kan ƙi ba da haɗin kai, sai ka ɗora ƙafar kan kwali ka riƙa jan sa gefe a hankali, ka ga ko za ta ɗauke ta mayar. Wadda ta bar ƙafa a karkace tana kallon gabanta, saƙon mazari ba ya isa sama, ko amsar ba ta saukowa.

4. Kwantar da ita, ka jira

A nan yawancin mutane ke ɓata gwajin tun ba su fara ba. A kwantar da dabbar a gefe kan tabarma. Mataimaki ya durƙusa ta bayanta, hannu ɗaya a wuya, ɗaya riƙe da ƙafar gaba ta ƙasa. Kada ya danne ciki, kada kuma ya riƙe ƙafar da za a gwada. A rufe mata ido da ƙyalle, a kori yara 'yan kallo, a ɗaure karen gida nesa. In uwa ce, a kawo ɗanta inda za ta ji ƙamshinsa.

Sai ka jira minti biyu ko uku, hannunka a kan cinyarta. Za ka ji lokacin da tsokar ta saki, numfashi ya daidaita. Wannan sakin da ka ji a tafin hannunka, gamma ce ta sassauta. In ka buga kafin nan, lafiyayyar akuya ma za ta harba ƙafa kamar mai ciwon laka. Wata kuma ta sandare ƙafar gaba ɗaya ta ƙi motsi, ka ce jijiya ta mutu. Na fi yarda da bugu ɗaya bayan jiran minti uku a kan bugu goma cikin gaggawa.

Hattara: kada ka yi mata allurar barci don ta natsu. Irin su zailazin suna dushe abin da kake son aunawa, kuma akuya da tunkiya ba sa jure shi, ɗan ƙari kaɗan sai a rasa su. Babbar saniya kuwa ba a kayar da ita don wannan gwaji, sai in dama a kwance take. Ko a haka kada ta daɗe a gefe guda, cikinta zai kumbura. Ka tsaya ta bayan gadon bayanta, ba inda shuri zai same ka ba.

Ƙafar da ke sama kaɗai ake gwadawa. Ta ƙasa a danne take, amsarta ba abin dogaro ba ce.

5. Ji taurin tsoka da hannu

Kafin guduma, riƙe ƙafar ka lanƙwasa ka miƙe sau uku a hankali, sannan sau biyu da ɗan sauri. Dalilin sauya saurin shi ne gamma iri biyu ce: ɗaya tana ƙara wa mazari jin tsawon miƙewa, ɗaya kuma jin saurinta. Lafiyayyar ƙafa tana ɗan turjewa kamar robar tayar keke. In ta bi hannunka laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma, rubuta. In a hankali tana tafiya amma da ka yi sauri sai ta cije, wannan ma rubuta, alama ce ta cewa birkin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa, wato umarnin sassauta tsoka, ya tsinke.

Hattara: in ƙafafu huɗu sun sandare kamar itace, baki ya ƙi buɗuwa, kunnuwa da wutsiya sun miƙe, wata farar fata tana leƙowa daga kusurwar ido, to sarƙe-haƙora ne, musamman bayan dandaƙa ko haihuwa ko wani rauni mai zurfi. Ajiye gudumar. Kowane bugu ko ƙara na iya tayar mata da jijjiga. A kai ta ɗaki mai duhu da shiru, a nemo likita.

6. Nemo gwiwar gaskiya, ka buga

Gaɓar nan da ke tsakiyar ƙafar baya, mai tsini ta baya, wadda kowa ke ce wa gwiwa, ba ita ba ce. Wannan dunduniya ce. Gwiwar gaskiya tana sama kusa da kwiɓi, tana kallon gaba. Na ga ɗalibi ya yi ta bugun dunduniyar ɗan akuya har ya gaji, ya rubuta sifili a ƙafafu biyu, ɗan akuyan kuwa ya tashi ya ruga da gudu.

Sa hannun hagu ƙarƙashin cinya ka tallafe ta, gwiwar a ɗan lanƙwashe. Da ɗan yatsa ka lalubo ƙoƙon gwiwa, ka gangara ƙasa har ka ji wani tudun ƙashi a saman ƙwauri. Tsakanin ƙoƙon da tudun nan akwai agara mai tauri. Kare da akuya da tunkiya guda ɗaya gare su. Saniya da doki uku ne, ta tsakiya za ka nufa.

Riƙe gudumar sako-sako, bugun ya fito daga wuyan hannu, gajere mai kaifi, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci da dare. Abin da za ka gani shi ne ƙwauri ya harba gaba sau ɗaya ya dawo. Yi sau uku, ka bar 'yan daƙiƙu tsakani.

In babu amsa, zargi kanka kafin ka zargi dabbar. Ko ƙashi ka buga. Ko ka miƙe ƙafar sosai, agara ta yi sako-sako, bugun bai ja tsoka ba. Ko ka lanƙwashe ta da yawa har ta ɗame. Ko turawa ka yi maimakon bugu, shi kuwa mazari miƙewar bazata ce ke tayar da shi. Gyara, ka sake.

7. Ba da maki, ka juya ɗaya gefen

Likitoci na amfani da maki biyar: 0 babu motsi, 1 motsi mai rauni, 2 daidai, 3 harbi mai ƙarfi fiye da kima, 4 ƙafa ta harba ta ci gaba da karkarwa bayan bugu ɗaya. Rubuta nan take, kada ka ce za ka tuna. Juya dabbar ta kan ƙirjinta, ba ta gadon baya ba, ka sake jiran nan na mataki na 4, sannan ka gwada ɗaya ƙafar da ƙarfin bugu iri ɗaya. Bambancin dama da hagu ya fi lambar kanta amfani. Sabon hannu kuma ya fara gwada lafiyayyun awaki biyar ko shida, in ba haka ba bai san kamannin 2 ba balle ya gane 3.

8. Matse tsakanin kofato

Miƙe ƙafar, ka matse fatar da ke tsakanin kofato ko tsakanin yatsun kare. Ya kamata ta janye ƙafar, gaɓoɓi uku su lanƙwashe: ƙugu, gwiwa, dunduniya. Sa ido a kan dunduniya musamman, don ita ce ke tona asirin babbar jijiyar bayan cinya. Kalli ƙafar ƙasa ma. In kana matse ta sama ta ƙasa tana miƙewa da ƙarfi, a dabbar da ta girma alamar rauni ce a laka can gaba. Yi wa ƙafafun gaba irin wannan matsa. Ɗaga wutsiya ka ji ko da ƙarfi, ka taɓa gefen dubura ka ga ko za ta tsuke.

Hattara: janye ƙafa ba ya nufin dabba ta ji. Laka kaɗai ke wannan aikin, ko da ta rabu da ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Jin zafi a kai ake ganin sa: ta waiwayo, ta yi kuka, ko ta nemi cizo. Ga dabbar da ƙafafunta suka mutu sarai, matse ƙashin yatsa ko saman kofato da ƙarfi sau ɗaya, idonka a fuskarta. In ƙafa ta janye amma ita tana ta tuƙarta ba abin da ya dame ta, raunin ya yi tsanani, kuma mai ita ya cancanci a faɗa masa gaskiya. Wadda ke iya motsa ƙafa da kanta ba a yi mata wannan.

9. Karanta abin da ka rubuta

Zaburar gwiwa tana bi ta jijiyar gaban cinya zuwa sashen laka da ke wajen ƙugu, a kare daga L4 zuwa L6, wato sashe na huɗu zuwa na shida na lakar kwankwaso. Da wannan za ka auna sauran.

In ƙafafun baya biyu sun ba da 3 ko 4, da tauri, na gaba kuma lafiya, to da'irar gwiwa, wato hanyar saƙo daga mazari zuwa laka da dawowarsa, ƙalau take. Raunin yana gaba da ita, tsakanin kafaɗa da ƙugu, ya hana umarnin sassautawa saukowa. Abin da kan jawo haka shi ne buguwa, ƙurji a ƙashin baya wanda a 'yan tumaki da maruƙa kan samo asali daga cibiyar da ta ruɓe, ko gocewar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya a kare.

In ƙafa ɗaya ce ta ba da 0 ko 1, gwiwa na durƙushewa da an ɗora mata nauyi, jijiyar gaban cinya ce. An fi ganin haka ga maraƙin da ƙugunsa ya maƙale wajen haihuwa aka ja shi da ƙarfi. Cikin mako ɗaya zuwa biyu cinyar za ta fara ramewa.

Ga wanda ya fi yaudara. Gwiwa ta harba da ƙarfi kamar 3, amma dunduniya ta faɗi, ba ta lanƙwashewa in an matse, dabba na taka bayan kofato. Wannan ba laka ba ce. Jijiyar bayan cinya ce ta lalace, tsokokin da ke riƙe harbin suka mutu, sai harbin ya yi kamar ya ƙaru. Tambayi allura. An taɓa kawo mini wata ramammiyar akuya da wani mai sayar da magani a kasuwa ya danna wa allurar maganin ƙwayoyin cuta da ake ce wa LA a tsakiyar cinya, har mai ita ya fara neman mahauci wai bayanta ya karye. Bayan nan lafiya lau yake. Ramammiyar dabba ba ta da naman da zai kāre wannan jijiya, don haka allurar tsoka a wuya ake yi mata.

In ƙafafu huɗu duk sun yi laƙwas, bar neman wuri guda, jiki ne gaba ɗaya. Saniyar da ta haihu jiya ko shekaranjiya, ƙarancin kalsiyam. Tunkiya mai cikin tagwaye da ta daina ci gab da haihuwa, ƙarancin sukari a jini. Shanun da ke taunar ƙasusuwan mushe da rani, gubar da ke kashe mahaɗar jijiya da tsoka. Biyun farko ba sa jiran gobe.

Akwai kuma maraƙi, galibi mai jinin shanun Turai irin Firiziyan, da in ya tsaya ƙafar baya ta miƙe kamar sanda tana lilo ta baya, in ya kwanta ta saki. Yawan matsin gamma ake dangantawa da shi, ana yi masa aiki a jijiya, kuma ba a barin irinsa ya yi barbara.

In komai ya ba da 2, koma kan ƙashi da gaɓa da kofato. Buɗe fatar ido ta ƙasa, in ta yi fari fat, tsutsar ciki da yunwa ne suka kwantar da ita.

Hattara da abubuwa huɗu da ke ruɗa lissafi. Jaririn maraƙi ko ɗan akuya zaburarsa da ƙarfi take tun asali. Tsohon kare da ya haura shekara 10 kan rasa zaburar gwiwa alhali yana tafiyarsa. Sa'o'in farko bayan mummunar buguwa laka kan yi ɗif, komai ya ba da 0, daga baya ya dawo har ya wuce kima. Sannan saniyar da ta kwana biyu a kwance kan ƙafa ɗaya, nauyinta kaɗai ya isa ya kashe ƙafar.

10. Kai wa likita, ka kula da ita kafin nan

Takardar makin da bidiyon tafiya da na bugun su ne guzurinka. Ko ta waya ka tura, likita zai san ko a ɗauko dabbar ko a yi jinya a gida, ka huta da kuɗin motar banza. Masu buƙatar hoton ƙashi sai manyan asibitoci, irin asibitocin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri.

Kafin nan kada ka yi ta dirka mata allurai a makance. Kuɗi ne ke tafiya, alamu su rikice, kuma in daga ƙarshe yanka ya zama dole, naman da ke ɗauke da magani bai dace a ci ba sai kwanakin da aka rubuta a kwalbar sun cika. Wadda ake zargi da haukan kare kuwa ba a yanka ta, ba a sayar wa mahauci.

Shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa mai kauri ko yashi mai laushi. A tallafe ta da buhu ta zauna kan ƙirji, a riƙa sauya mata gefe duk bayan awa huɗu zuwa shida, har da dare. Ruwa da abinci su kasance inda bakinta zai kai. Lura ko tana fitsari, in yini ya wuce babu, faɗa wa likita a ranar. Washegari ka maimaita matakai na 4 zuwa 8 a wuri ɗaya, da mataimaki ɗaya, da guduma ɗaya, ka rubuta sabon makin a gefen na jiya tare da kwanan wata.